Tarihin Na'urar Da Ke Kiran Agaji Idan Tsoho Ya Faɗi



Da yawa daga cikinmu a nan Kudu muke neman abinci, iyayenmu kuwa suna can gida Arewa, tsakaninmu da su sai waya da aike. Wasu dattawan kuma a nan Sabon Ibadan suka tsufa, 'ya'ya sun watsu Legas da Abuja da Fatakwal, an bar tsoho da ɗakinsa. To ga shi yanzu ana tallata mana agogon hannu da abin ratayawa a wuya, waɗanda aka ce da kansu suke gane mutum ya faɗi, su kira agaji. Mai hali yana tunanin saya wa Baba ko Inna, marar hali yana jin kamar ya gaza. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin wannan na'ura tun daga tushe, mu ga wa ya ƙirƙiro ta, wace matsala aka so ta magance, ina ta yi nasara, ina kuma ta kasa. Ba a cinikin biri a sama.

MATSALAR DA TA HAIFI NA'URAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa. Idan aka cire haɗarin mota, babu tsautsayin da ya kai ta cin rayuka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke faruwa, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Kada a ɗauka ciwon Turawa ne. A nan ƙasar Yarbawa, malaman Jami'ar Ibadan guda biyu, Charles Bekibele da Oye Gureje, sun wallafa bincike a 2010 kan tsofaffi 2,096 masu shekara 65 zuwa sama, suka samu kashi 23 cikin 100 sun faɗi a cikin shekara guda, kuma mata sun fi maza.

Sai dai abin da ya fi tayar wa likitocin tsofaffi hankali shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar, wato daɗewar da mutum ke yi a ƙasa ba wanda ya sani. Tsohon da ya kwana a kan siminti bai iya juyawa ba, tsokar da ya danne tana fara lalacewa, dattin da take saki a jini ya je ya illata ƙoda. Ƙishirwa ta busar da jiki, sanyi ya shige shi, ciwon huhu ya biyo baya, fata ta yi gyambo. Ko ya warke, tsoro ya riga ya shige shi, sai ya rage tafiya, ƙafa ta ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta matso kusa.

Alƙaluma sun tabbatar da haka. A 1981 Farfesa Bernard Isaacs da abokan aikinsa a Birmingham ta Ingila suka wallafa sakamakon bibiyar tsofaffi 125 da suka faɗi a gidajensu. Guda 20 daga ciki sun wuce awa ɗaya a ƙasa, kuma rabin waɗannan 20 ɗin ba su cika wata shida ba suka rasu. A 1996 wani bincike a San Francisco ta Amurka ya duba mutum 367 da ma'aikatan agaji suka tsinta a gidajensu, wasu sun kasa taimakon kansu, wasu sun riga sun cika. Cikin waɗanda aka kai wa ɗauki kafin awa ɗaya, kashi 12 cikin 100 ne suka mutu. Cikin waɗanda suka wuce kwana uku kuwa, kashi 67. Duk tarihin da za mu bayar a ƙasa, ƙoƙari ne na rage wannan lokaci.

IGIYA A BANGO

Mafarin abin a Ingila ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙananan hukumomi suka riƙa gina rukunin gidaje na musamman don tsofaffi. Kowane tsoho da ɗakinsa da madafarsa, sannan a ajiye mai kula guda ɗaya, yawanci mace, tana zaune a cikin rukunin. A ɗaki da banɗaki akan saƙala igiya, idan tsoho ya ja ta sai ƙararrawa ta kaɗa ko fitila ta kama a gidan mai kula. Daga baya aka ƙara lasifika, ana magana ana ji. Kamfanin Tunstall na yankin Yorkshire, wanda aka kafa a 1957, yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a, kuma har yau yana nan.

Aibin wannan tsari a fili yake. Igiya tana bango, wanda ya faɗi yana tsakar ɗaki, wani lokaci taku uku ne tsakaninsu amma ƙugu ya karye. Sannan tsohon da ke zaune a gidan kansa, ba a rukunin hukuma ba, ba shi da mai kula balle igiya.

JAMUS DA AMURKA, KUSAN LOKACI GUDA

A farkon shekarun 1970 mutum biyu a ƙasashe biyu suka faɗa kan dabara iri ɗaya: a haɗa kiran agaji da layin tarho na gida, a kuma ba tsoho maɓallin da zai riƙa yawo da shi a jikinsa.

Na farko Wilhelm Hormann ne, jami'in gudanarwa a asibitin St. Willehad da ke garin Wilhelmshaven a arewacin Jamus. Damuwarsa ita ce marasa lafiya da tsofaffin da ake riƙewa a gadon asibiti don kawai babu mai lura da su a gida. Ya haɗa kai da kamfanin AEG-Telefunken aka ƙera na'urar, aka nuna ta ga jama'a a wajajen 1980. Jamusawa suka kira tsarin Hausnotruf, wato kiran gaggawa daga gida, ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross ta Jamus suka rungume shi. A jikin akwatin akwai wani maɓalli da tsoho zai danna kullum don a san ya tashi lafiya. Ranar da bai danna ba, cibiya za ta kira shi, idan bai amsa ba a turo mutum.

Na biyu Andrew Dibner ne, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Boston, wanda ya ƙware kan sha'anin tsufa. A 1972 ya yi wa kansa tambaya: tsohon da ke zaune shi kaɗai, idan ya faɗi bai kai ga tarho ba, yaya zai yi? A 1974 shi da matarsa Susan, masaniyar zamantakewa, suka kafa kamfanin Lifeline. Tsoho yana ɗauke da ɗan maɓalli marar igiya, idan ya danna sai akwatin da ke haɗe da tarho ya buga lamba da kansa. A shekarun farko asibitoci ne ke sayen tsarin, ma'aikatansu da 'yan sa-kai ne ke amsa kiran. Shi ma Dibner ya sa agogo a ciki, idan aka ɗauki lokaci mai tsawo ba a ga alamar motsin mai gida ba, na'urar ta kira da kanta.

Akwai wani abu a tsarin Lifeline da ya kamata mu riƙe, domin za mu dawo kansa. Duk wanda ya yi rajista sai ya ba da sunayen mutanen da za a fara nema: maƙwabci, ɗa, ko aboki da ke kusa kuma yake riƙe da makullin gidan. Idan kira ya shigo kuma ba a ga alamar babban haɗari ba, su ake fara bugawa, motar asibiti sai in abin ya fi ƙarfinsu. Wato tun ranar farko masu ƙirƙirar sun san akwati ba ya ɗaga mutum daga ƙasa.

TALLAN DA YA YI SUNA, YA KUMA YI ƁARNA

A 1989 wani kamfani mai suna LifeCall ya saki talla a talabijin ɗin Amurka. An nuna wata tsohuwa kwance a banɗaki kusa da sandar tafiyarta, ta danna maɓallin wuyanta tana cewa ta faɗi kuma ta kasa tashi. Wannan magana ta zagaye ƙasar, 'yan barkwanci suka ɗauka, yara suka mayar da ita abin tsokana. Talla ya sa kowa ya san na'urar, kasuwa ta buɗe. Har ta kai a 2006 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya sayi Lifeline a kan kimanin dala miliyan 750.

Amma tallan ya bar tabo. Abin wuyan ya zama shaidar cewa mutum ya gama yayi, ya zama abin tausayi. Tsofaffi da yawa sukan karɓa don kada su ɓata wa 'ya'yansu rai, su jefa shi a aljihun tebur ko su rataye a ƙusa.

A 2008 masu bincike biyu na Jami'ar Cambridge, Jane Fleming da Carol Brayne, suka auna girman wannan matsala. Sun bi tsofaffi 110 'yan sama da shekara 90 har tsawon shekara guda, suka ƙirga faɗuwa 265. Kashi 82 cikin 100 na faɗuwar ta faru ne mutum yana shi kaɗai. Cikin waɗanda suka faɗi, kashi 80 sun kasa tashi da kansu aƙalla sau ɗaya, kashi 30 kuma sun kai awa ɗaya ko fiye a ƙasa. Abin mamaki, akasarinsu suna da na'urar kira a gida, amma a mafi yawan lokutan da aka daɗe a ƙasa ba a danna ta ba. Wani ba ya sanye da ita a lokacin. Wani ya ruɗe ya manta. Wani ba ya son damun mutane. Wani kuma tsoro yake ji kada a ce ya kasa zaman kansa a kwashe shi zuwa gidan tsofaffi. Duk wanda ya taɓa jinyar dattijo a cikinmu ya san wannan hali: kunya da dauriya, da “ba komai, santsi ne kawai ya ɗebe ni”.

DAGA JAKAR ISKAR MOTA ZUWA WUYAN TSOHO

Tun kafin wannan bincike injiniyoyi sun gane cewa maganin maɓallin da ba a dannawa shi ne na'urar da ba ta jiran a danna ta. A 1991 wasu masu bincike biyu, Lord da Colvin, suka gabatar da gwajin amfani da ma'aunin motsi don gane faɗuwa. A ƙarshen shekarun 1990 Kevin Doughty da abokan aikinsa a yankin Wales na Birtaniya suka ƙera wadda ake ɗaurawa a ƙugu, mai aiki da mataki biyu: ta fara jin bugu, sannan ta duba ko mutumin a tsaye yake ko a kwance. Idan bugu ya zo kuma jiki ya zauna a kwance, sai ta aika kira.

Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki daga masana'antar motoci ya fito. Jakar iskar da ke fashewa gaban direba idan mota ta yi karo tana buƙatar abin da zai gane karo cikin ƙiftawar ido. A farkon shekarun 1990 kamfanin Analog Devices na Amurka ya fitar da ma'aunin motsi da aka sassaƙa a kan ɗan guntun siliki wanda bai kai farce ba. Da aka shiga ƙera shi da miliyoyi, farashinsa ya faɗi. Da na'urar wasa ta Wii ta fito a 2006, iPhone a 2007, ya ƙara araha da ƙanƙanta. Shi ne abin da ke juya hoton wayarka idan ka kwantar da ita.

Ga yadda yake gane faɗuwa. Idan jiki ya sulluɓe ƙasa, na ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ma'aunin zai ji kamar nauyi ya ragu. Sai bugu mai ƙarfi ya biyo baya. Sai a ga jikin da yake tsaye ya koma kwance. Sai kuma shiru, ba motsi. Idan waɗannan alamu huɗu suka jeru, na'urar ta yanke hukunci cewa an faɗi. Wasu an ƙara musu ma'aunin nauyin iska, wanda ke iya gane cewa abin wuyan ya sauko daga tsayin ƙirji zuwa daben ɗaki. A 2010 Philips Lifeline ya fitar da abin wuya mai suna AutoAlert a kan wannan dabara: idan ya ji faɗuwa kuma mutum bai miƙe ba cikin daƙiƙa 30, sai ya kira cibiya da kansa.

INDA BA ƘASA NAN AKE GARDAMAR KOKAWA

A takardun bincike na wancan lokaci akan ga an rubuta cewa dabara kaza ta gane kusan kowace faɗuwa. Amma da wa aka gwada? Ba za a ce wa tsohuwa mai shekara 85 ta faɗi don gwaji ba. Saboda haka ɗalibai matasa ake samu, su riƙa faɗawa kan katifa da gangan. Matashin da ya san zai faɗi, yadda yake zubewa daban ne da tsohon da jiri ya ɗebe.

A 2012 wasu masu bincike a Turai, ƙarƙashin jagorancin Fabio Bagalà, suka ɗauki dabarun lissafi 13 da aka riga aka wallafa, suka gwada su da bayanan faɗuwa 29 na gaskiya da aka naɗa a jikin marasa lafiya. A matsakaici, kashi 57 cikin 100 kawai suka gane. Wadda ta fi kowacce ta tsaya a kusan kashi 83. Kiran ƙarya kuma, wato na'ura ta yi kuka alhali ba a faɗi ba, ya kama daga sau 3 har zuwa sau 85 a yini guda.

Nan ne tsaka mai wuyar take, har gobe. Idan aka sa na'ura ta cika saurin ji, zama da ƙarfi a kujera ko faɗuwar abin wuyan daga tebur sai ta tayar da jama'a, kwana kaɗan tsoho ya gaji ya cire ta. Idan aka rage mata ji, sai ta tsallake faɗuwar gaske. Wadda ta fi kuɓuce mata ita ce faɗuwa a hankali: tsoho ya ji jiri, ya dafa bango ya silale, ko ya zame daga bakin gado. Babu bugu, amma ga shi a ƙasa ya kasa tashi. Shi ya sa har yau kamfanonin da kansu suke rubutawa a takardar kaya cewa na'urar ba ta gane kowace faɗuwa, wanda yake da iko ya danna maɓalli.

AGOGO, BANGO DA BUTAR SHAYI

A watan Satumba na 2018 kamfanin Apple ya fitar da Apple Watch Series 4 da fasahar gane faɗuwa a ciki. Idan agogon ya ji faɗuwa mai ƙarfi sai ya girgiza hannu, ya yi ƙara, ya tambaya ko lafiya. Idan mutum ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai ya fara ƙirga, sannan ya kira lambar agajin gaggawa, ya tura wa 'yan uwan da aka sa sunayensu saƙo da wurin da mutumin yake. Samsung ya biyo baya a 2020, Google a 2023. Babbar nasarar agogo ita ce ya kawar da kunyar nan ta tallan 1989, domin abin da jika ke ɗaurawa don gayu shi kaka ke ɗaurawa. Rauninsa kuma batir ne. Tsohon abin wuya yakan yi watanni masu yawa ba a taɓa shi ba, agogo kuwa kusan kullum sai an yi masa caji, kuma da dare aka fi sa shi a caji, daidai lokacin da tsoho ke laluben hanyar banɗaki cikin duhu. Hannu kuma ya fi ƙirji yawan wutsil-wutsil, don haka gane faɗuwa daga hannu ya fi wuya.

Wasu kamfanoni suka ce to a daina dogara da abin da ake sawa a jiki. Aka gwada kyamara, amma ba mai yarda a kafa masa ido a makewayi. Sai aka koma ga na'urar da ake mannawa a bango, tana aika igiyar rediyo marar ƙarfi tana gane ko jiki a tsaye yake ko a ƙasa, ba tare da ɗaukar hoto ba.

Jafanawa kuma, da suke fama da yawan tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki, sun bi wata hanya. A 2001 kamfanin Zojirushi ya fitar da butar dafa ruwan shayi mai aika wa 'ya'ya saƙo kan lokutan da aka yi amfani da ita. Idan safiya ta wuce tsohuwa ba ta zuba ruwan shayi ba, 'yarta da ke wani gari za ta gani ta kira. Maɓallin “na tashi lafiya” na Jamusawa ne ya dawo a cikin buta.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba, na'urar tana rataye ne a kan layin waya da wutar lantarki. A 2022 da kamfanonin sadarwar Amurka suka rufe tsohon layin 3G, sai da aka yi ta rige-rigen canza na'urorin tsofaffi kafin su zama kurame. A Birtaniya ana sauya tsohon layin tarho zuwa na intanet, wanda ke mutuwa idan aka ɗauke wuta. Saboda mutum kusan miliyan biyu da ke dogara da irin waɗannan na'urori, da wasu dalilai, aka ɗage wa'adin kammala sauyin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027. Idan ɗaukewar wuta tana ba Ingila tsoro, mu sai mu yi wa kanmu hisabi.

TO MU FA?

Zangon farko na wannan tarihi ya wuce mu ne saboda a kan tarhon gida aka gina shi, kuma kafin zuwan wayar salula a 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su wuce rabin miliyan ba. Yanzu waya ta shiga kowane ƙauye, kuma akwai abin wuya mai ɗaukar sim wanda ke kiran lambobin da aka sa masa kai tsaye. Kula da lafiyar tsofaffi ma ya fara samun gurbi: a 2012 aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih a asibitin koyarwa na UCH a nan Ibadan, ta farko irinta a ƙasar nan, a 2018 kuma aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Akwai lambar gaggawa ta 112, a Legas kuma da 767.

Amma mu koma kan darasin Dibner. A Boston, bayan maɓalli akwai cibiyar da ba ta barci, akwai maƙwabci mai makulli, akwai motar asibiti da ta san lambar gida. Mu tambayi kanmu: idan agogon Baba ya yi kira ƙarfe uku na dare a wani lungu da mota ba ta shiga, wa zai ɗauka, kuma minti nawa zai yi kafin ya iso? Ɗan da ke Legas zai ga saƙo, amma tsakaninsa da Kano tafiyar yini ce. Idan ba a shirya wanda ke bayan katanga ba, an sayi ƙararrawa ne a gidan da ba kowa.

Wanda ya yi niyyar saye kuma ya lura da wasu abubuwa da suka shafi rayuwarmu. Gwaje-gwajen da muka ambata a Turai da Amurka aka yi su, wurin masu zaman kujera da kwanan gado. Dattijonmu a tabarma yake zama, wani a ƙasa yake kwana, kuma sau biyar a rana yana ruku'u da sujada. A gwada na'urar mako guda ana tare da shi, a ga ko tana kukan banza. Sannan mutanenmu sun saba cire agogo idan za su yi alwala ko wanka, wato a daidai wurin da ƙasa ta fi santsi. A nemi wadda ruwa ba ya ɓatawa, a kuma fahimtar da mai ita cewa ba a cirewa. A tambayi kwana nawa batir ke yi, wa zai riƙa yi mata caji, ko tana aiki ba tare da wata wayar a kusa ba, da kuma ko akwai kuɗin wata-wata. Uwa uba a yi shawara da shi mai sawar. Abin da aka ɗaura wa dattijo ba da son ransa ba, a ƙusa zai ƙare, kamar yadda aka gani a Cambridge.

Wanda ba shi da halin saye kada ya ji ya gaza. Abin da Jamusawa suka sa a maɓalli, Jafanawa suka sa a buta, mu muna da shi tun kaka da kakanni: gaisuwar safe, jikan da ke kwana ɗakin kaka, da jama'ar masallaci da ke cewa “yau ba mu ga Malam a Asuba ba, a leƙa”. Zaman birni da neman abinci ne ke cinye mana wannan gado a hankali, musamman ga dattawan da ke haya su kaɗai da gwaurayen da iyalansu ke gida. Tunda ya fara zama ba tabbas, sai a mayar da shi tsari. Kowane tsoho da ke kwana shi kaɗai a san mutum biyu da ke duba shi safe da dare, da sunansu, ba “ai wani zai leƙa” ba. A ajiye makulli na biyu wurin amintacce. A roƙi iyayenmu su daina danna sakata ta ciki a banɗaki. Waya ta kwana kusa da shimfiɗa inda hannu zai kai ko daga ƙasa, da lambar maƙwabci a kan maɓalli ɗaya. Mu da iyayenmu ke Arewa, mu ajiye lambar wanda ke kusa da su, mu kuma riƙa kyautata masa, domin shi ne motar asibitinmu.

Rigakafi kuma ya fi magani, domin babu na'urar da ta taɓa hana faɗuwa. Tayil mai sheƙi da muke shimfiɗa wa iyaye don nuna gata yana cikin abin da ke kayar da su idan ya jiƙe. A sa ƙarfen dafawa a makewayi, a ajiye tocila ko fitilar sola a hanya, a gyara dokin ƙofa mai tsayi, a sauya silifas ɗin da ya cinye. A kai su a duba ido saboda yana, a gaya wa likita idan maganin hawan jini ko na barci yana sa jiri. Idan kuma aka tsinci tsoho a ƙasa yana kukan ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a fizge shi a tsayar, a lulluɓe shi a nemi hanyar ɗaukarsa a kwance zuwa asibiti. Wanda ya bugu a kai, ko ya daɗe a ƙasa, a kai shi a duba ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Muna roƙon shugabannin unguwanni da matasanmu su fara da ƙirga dattawan da ke kwana su kaɗai a layinsu, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya taɓa amfani da irin wannan na'ura ga iyayensa, ya bayyana mana yadda ta kasance don wasu su amfana.

Allah ya ba iyayenmu lafiya da kyakkyawan ƙarshe, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, mu kuma ya ba mu masu duba mu ranar da ƙafa ta gaza. Amin.

Sakataren ƙungiya